Shaidar Baƙon Kwana Ɗaya

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in aka jera su sai a ga kamar suna gardama da juna. Na fari ya ce, gani ya kori ji. Na biyu kuwa ya ce, baƙo ko da idonsa makaho ne. To, in gani ya kori ji, ƙaƙa mai ido zai makance don kawai ya bar garinsu? In kuwa baƙo makaho ne, don me jama'a su kan taru a zaure su kewaye wanda ya komo daga tafiya, su ce ya ba su labarin abin da ya gano?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Mutumin da ya je wata ƙasa ya komo, shaida ne a wurin waɗanda ba su je ba. Abin da ya faɗa shi za su riƙe, su kuma faɗa wa 'ya'yansu. In ya ce mutanen can macuta ne, sun zama macuta ke nan a wannan zaure, ba kuwa mai tashi ya kāre su, gama suna can nesa, ba su ma san ana shari'arsu ba. Alkali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda a ke ƙara. Amma matafiyi shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alkali. Saboda haka ya kamata a auna, a ga ko mene ne nauyin shaidar wanda ya yi wa gari ganin farko.

Za a ɗauki misali da birnin Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, wadda dā a ke kira Siyam. Ƙasar tana kudu maso gabashin Asiya, tana iyaka da Bama, watau Miyanma ta yanzu, inda sojan Nijeriya suka yi yaƙi da Japan cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Ko wanda bai taɓa jin sunan birnin ba, mai yiwuwa ne ya ci shinkafar ƙasar, gama an daɗe ana kawo ta kasuwannin Afirka ta Yamma, 'yan kasuwa kuma su kan je can saro tufafi da takalma. Sarki Rama na Ɗaya ne ya kafa gadon sarautarsa a nan cikin 1782, bayan mutanen Bama sun ƙone tsohon birnin sarauta, Ayuttaya, cikin 1767. Birnin yana bakin Kogin Cawo Firaya, kusa da inda ya ke shiga teku. In aka haɗa da unguwannin da ke kewaye da shi, mutanensa sun haura miliyan 10.

To, a ƙaddara wani ɗan kasuwa ne ya tashi daga Kano, mutum mai hankali, wanda ya yi karatun allo tun yana yaro, ya kuma koyi boko da girmansa har ya sami takardar shaida. Jirgi ya sauke shi a babban filin jirgin sama na birnin, wanda aka buɗe cikin 2006. Da fitarsa ƙofa sai zafi ya tarye shi, ba irin na bazarar Kano mai busar da leɓe ba, wani zafi mai laima, kamar an lulluɓe mutum da jiƙaƙƙen bargo. Ya shiga mota suka yi ta gudu a kan wata hanya da aka ɗora bisa ginshiƙai, har suka sauka cikin gari. Nan gudu ya ƙare. Motoci sun yi cirko-cirko, ba gaba ba baya, tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin minti goma sai ta ci rabin sa'a. Kekuna masu ƙafa uku, waɗanda su ke kira tuktuk, suna ta ƙara kamar injin niƙa. 'Yan acaba sanye da 'yar shara mai ruwan goro suna kutsawa tsakanin motoci. A bisa kansa jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada, a gefensa wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a jikin turaku. Ya ɗaga ido don ya karanta allunan kantuna, sai ya ga baƙaƙen ba na boko ba ne, ba kuwa na ajami ba. Mutumin da ya sha wahala ya fita daga jahilci, ga shi ya koma ciki a yini guda.

Da yamma yunwa ta fito da shi daga masauki. Ko'ina ya duba a gefen titi tukwane ne ke tafasa, ana suya, ana daka, hayaƙin barkono yana shaƙe mutum. Wani wari na ruɓaɓɓen kifi ya cika masa hanci. Ya tsaya wurin wata tsohuwa ya nuna tukunyarta, sai ta dubi hularsa, ta girgiza kai, ta yi ta kaɗa masa hannu tana nuna masa gaba. Ransa ya ɓaci, ya ce a zuciyarsa don shi baƙi ne ta kore shi. Ya wuce ya hau wata gada, ya leƙa ƙasa, ya ga ruwa baƙi ƙirin yana ɗoyi, ga gidajen katako sun jeru a bakinsa.

Da gari ya waye ya ga waɗansu maza masu askin ƙwal-kwabo, sun yafa mayafi rawaya, ba takalmi, ko wanne rungume da akushi, suna bin titi ɗaya bayan ɗaya ana zuba musu shinkafa. Ya ce, ashe nan ma akwai mabarata, har da ƙarti majiya ƙarfi. Da hantsi ya nufi fadar sarki don ya ba idonsa abinci. Kafin ya kai ƙofa sai wani mutum mai tsabta, mai fara'a, ya tare shi da Turanci mai daɗi, ya gaishe shi, ya tambayi ƙasarsu, ya ce ai yau fada a rufe ta ke saboda wani biki, amma zai sa mai tuktuk ya zaga da shi gari a kan kuɗi kaɗan. Ɗan kasuwa ya ji sanyi a ransa, ya ce yau dai ga mutumin kirki guda ɗaya a wannan birni.

Da dare ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa. Ya ce gari ne marar tsari, mutanensa ƙazamai ne, ba su son baƙo, ƙartinsu sun fi son bara da aiki, ba kuwa a jin sunan Allah a cikinsa. Ya ce mutum ɗaya tak ya gani mai mutunci. Bai yi niyyar ƙarya ba, ko kusa. Duk abin da ya rubuta yana da abin da ya gani wanda ya dogara a kansa. Amma bari a bi hukunce-hukuncen nan nasa ɗaya-ɗaya.

A fara da cunkoson motoci. Bankok ba don mota aka gina ta ba. Ƙasar wurin fadama ce, har filin jirgin da ya sauka a kan wata fadama aka yi shi wadda a dā a ke kira fadamar gamsheƙa. Mutanen farko magudanan ruwa suka haƙa su zama musu hanyoyi, kwalekwale shi ne jakinsu, kasuwarsu ma a kan ruwa ta ke ci. Sai a zamanin Sarki Mongkut, wajen 1864, aka gama babban titi na farko irin na zamani. Daga baya aka yi ta cike magudanan ana mai da su tituna, amma lungunan unguwanni da yawa ba su ɓullewa ko'ina, saboda haka ko wace mota tilas ta faɗa kan manyan hanyoyi 'yan kaɗan. Hukuma ta buɗe jirgin da ke bi ta sama cikin 1999, da na ƙarƙashin ƙasa cikin 2004, don rage wannan wahala. Da baƙon ya natsu, da ya lura da wani abin mamaki: duk da wannan tsayuwa, ba a cika busa ƙahon mota ba, ba a cika jin zage-zage ba. 'Yan acaban nan ko wanne da lamba a bayan rigarsa, suna da tasha, suna bin layi. A tashoshin jirgi kuma, da ƙarfe takwas na safe da ƙarfe shida na yamma, in aka sa taken ƙasa sai masu sauri su tsaya cik har a gama. Akwai tsari a garin, sai dai ba a inda ya saba neman tsari ba.

Masu akushin nan kuwa ba mabarata ba ne. Malaman addinin Buddha ne, addinin da fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar ke bi. Ƙa'idarsu ita ce ba su roƙo da baki, ba su cin abinci in rana ta yi tsaka har sai gobe. Mai bayarwa shi ke tuɓe takalmi ya rusuna, gama a wurinsu shi aka yi wa alheri da aka karɓa. Maza da yawa su kan shiga wannan zama na ɗan lokaci, galibi da damina, sa'an nan su koma ga sana'arsu. Wanda baƙon ya raina, mai yiwuwa ne malamin makaranta ne ko ɗan attajiri. Shi kansa Sarki Mongkut ya yi shekara 27 cikin wannan mayafi kafin ya hau gadon sarauta cikin 1851, Sarki Bumibon kuma ya yi kwana 15 a ciki cikin 1956. Ba a ce Musulmi ya yarda da addininsu ba. Yarda da abin da mutum ya ke bauta wa dabam, sanin abin da ya ke yi dabam. Wanda ya kira mai ibada mabaraci ya faɗi abin da ba haka ba ne, ko da ibadar ba karɓaɓɓiya ba ce a wurinsa.

Sai baƙin ruwan nan da ya leƙa. Ɗaya daga cikin manyan magudanan birnin, mai suna San Sap, an fara haƙa shi cikin 1837 a zamanin Sarki Rama na Uku, kuma tun wancan zamani Musulmi suka zauna a gaɓarsa. Da ya sauka daga gadar ya shiga jirgin ruwan da ke jigilar mutane a kansa, da ya yi ta wuce masallatai. A Bankok akwai masallatai fiye da 150. A wata unguwa mai suna Ban Kurua, a bakin wannan ruwa, akwai Musulmi masaƙan siliki waɗanda saƙarsu ta taimaka wajen fito da sunan silikin Tailan a duniya. Ya rubuta cewa ba a jin sunan Allah a garin, alhali kuwa ana kiran salla sau biyar a bayan katangar da ya tsaya a gabanta. Tsohuwar da ta kore shi kuma, naman alade ne a tukunyarta. Ta ga hula ta gane Musulmi ne, ba ta da harshen da za ta gaya masa, sai ta bar cinikinta ta nuna masa inda masu abincin halal su ke. Ita ce ta tsare masa addininsa, shi kuwa ya saka mata da ɓata suna.

Mai fara'ar nan fa? Fada ba a rufe ta ke ba. Wannan tsohuwar dabara ce da hukuma ta sha yin gargaɗi a kanta. Mai tuktuk zai zaga da baƙo, ya ƙare da shi a wani kantin duwatsun ado, a ce masa yau kaɗai a ke rangwame, ya saya da tsada abin da bai kai rabin kuɗin ba. Watau mutum ɗayan da ya yaba shi ne mai kyan ɗan maciji. Wannan ya nuna cewa kuskuren ganin farko hanu biyu gare shi: ya kan ƙasƙantar da mai daraja, ya kan kuma yi wa rogo kallon kitse. A tsakiyar birnin akwai wani bene mai hawa 49 wanda mai hange daga nesa zai ce gidan sarauta ne. An tsai da aikinsa cikin 1997, shekarar da darajar kuɗin ƙasar ta faɗi, aka bar shi kango shekara da shekaru, iska tana shiga tana fita.

Ga kuma kishiyar wannan. Kusa da tashar jiragen ruwa akwai unguwar talakawa mai suna Kulon Toi, ta gidajen kwano da katako a kan taɓo, inda a ke ƙiyasta mutum wajen 100,000 ke zaune. Mai wucewa cikin mota zai toshe hanci ya ce nan ba abin da zai fito sai ɓarayi. Amma nan aka haifi wata mace mai suna Prateep Ungsongtham cikin 1952. Ta yi firamare shekara huɗu kawai, ta shiga aikin ƙwadago tun tana yarinya, tana kankare tsatsar jiragen ruwa, tana tara abin da ta samu tana biyan makarantar dare. Cikin 1968, tana 'yar shekara 16, ta buɗe makaranta a gidansu domin yaran unguwar da ba su da takardar haihuwa balle a karɓe su a makarantar gwamnati. Kuɗin makarantar baht ɗaya ne a rana, watau 'yan kwabbai. Cikin 1978 aka ba ta lambar girma ta Magsaysay, ta ɗauki kuɗin ta kafa gidauniyar taimakon yaran talakawa. Duk wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci bayan ya wuni a gona ya san nauyin abin da wannan mace ta yi. Daga tagar mota kuwa ba a hangen irin wannan.

To, me ke sa ido ya yi kuskure haka? Da fari dai baƙo ya kan iso a gajiye, ga yunwa, ga rashin barci, ga tsoro. Mai zazzaɓi ko zuma aka ba shi sai ya ce da ɗaci, laifin kuwa a bakinsa ya ke. Na biyu, ko wane matafiyi da mudunsa na gida ya ke tafe, da shi ya ke auna kome. Ya ga akushi sai ya tuna da bara, ya ga an kaɗa masa hannu sai ya tuna da kora. Warin kifin nan da ya dame shi, ruwan kifi ne da a ke tsimawa da gishiri, wanda shi ne daddawarsu. Na uku, ƙofar da baƙo ke shiga gari ƙunci gare ta. Daga filin jirgi sai masauki, daga masauki sai kasuwa, kuma a kan wannan hanya ce masu neman abin aljihun baƙo ke jira. Manomi da malami da uwar gida mai renon 'ya'yanta ba su zuwa ƙofar fada su tare mutane. Wanda ya auna mutanen gari da waɗanda suka tare shi a tasha, kamar wanda ya ɗanɗana kumfar da ke saman tukunya ne ya ce ya san miya.

Amma fa kada a zarce a ce ganin farko ba shi da wani amfani. Akwai masu cewa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, maganarsu kuwa tana da ƙarfi. Ɗan gari ya kan saba da abu har ya daina ganinsa, kamar yadda majemi ba ya jin warin jima. Baƙon da ya ce ruwan nan baƙi ne yana ɗoyi, gaskiya ya faɗa. Tarin da hayaƙi ya sa shi ma gaskiya ne, gama cikin Janairun 2019 sai da aka rufe makarantu fiye da 400 a birnin saboda gurɓacewar iska. In ya ga magudanan da aka cike ya ce wannan gari wata rana ruwa zai nemi hanyarsa, bai yi kuskure ba, gama birnin da ƙyar ya ɗara teku tudu, cikin 2011 kuwa ambaliya ta ci unguwanni da yawa, ta kashe mutum fiye da 800 a ƙasar. In ya ga ɗakin kwano a gindin bene mai hawa hamsin zuciyarsa ta sosu, wannan sosuwa tana da daraja, mai yiwuwa ma ta fi ta wanda ya shekara talatin yana wucewa ta wurin bai ko ɗaga kai ba. Saboda haka ɗan gari mai hankali ba ya raina maganar baƙo.

Har wa yau, matafiyi ba shi da damar jiran kwana arba'in kafin ya san ko zai shiga motar wani. Tilas ya yanke shawara nan take, da ɗan abin da ya gani. A nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin hattara da hukunci. Hattara ita ce mutum ya tsare kansa da dukiyarsa daga wanda bai sani ba, ba ta kuwa cutar kowa. In ya ƙi bin mai fara'a, ya ce sai ya je ƙofar fada ya gani da idonsa, bai zalunci kowa ba ko da mutumin na kirki ne. Hukunci kuwa shi ne ya buɗe baki ya ce wane macuci ne, ko mutanen ƙasa kaza macuta ne. Hattara halal ce tun daga sa'ar farko. Hukunci sai da hujja. Abin takaici shi ne mutane da yawa su kan juya al'amarin: su saki jiki da wanda ya yi musu murmushi, sa'an nan su komo gida su yi wa al'umma guda kuɗin goro.

Haka kuma ya kamata a rarrabe tsakanin abin da ido ya gani da abin da zuciya ta ƙara. "Na ga ruwa baƙi a ƙarƙashin gada," wannan gani ne. "Mutanen ƙazamai ne," wannan ƙari ne, ƙarin kuwa bai tsaya ba, gama mutanen Tailan masu yawan wanka ne, ba su kuma shiga ɗaki da takalmi. "Wata tsohuwa ta ƙi sayar mini da abinci," gani ne. "Ba su son baƙo," ƙari ne. In aka duba wasiƙar ɗan kasuwan nan, za a tarar duk abin da ya gani daidai ne, duk abin da ya ƙara kuwa kuskure ne. Ashe karin maganar nan biyu ba gardama su ke yi ba. Gani ya kori ji a kan siffar abu, watau launinsa da girmansa da warinsa. Amma a kan ma'anar abu da dalilinsa, baƙo makaho ne sai ɗan gari ya yi masa jagora.

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a juya al'amarin. A ƙaddara mutumin Bankok ne ya sauka Kano da hunturu. Ƙura ta rufe masa ido, leɓensa ya tsage. Ya shiga cikin birni ya ga katangun ƙasa ba taga, ya ce waɗannan mutane a kurkuku su ke zaune, bai san bayan zaure akwai tsakar gida da inuwa da shigifa ba. Ya ji ƙanshin daddawa ya toshe hanci. Ya ga an durƙusa ana gai da dattijo ya ce bayi ne. Ya ga surukin da ba ya cin abinci gaban surukansa ya ce gaba su ke yi. In ya koma ya rubuta wannan a jarida, wane Bakano ne zai ce an yi masa adalci? To, abin da mutum ba ya so a yi wa garinsu, bai kamata ya yi wa garin wani ba. Baturen nan na Jamus, Dokta Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya ambaci kududdufan birnin da ƙazantarsu, bai ɓoye ba. Amma da ya ke ya koyi Hausa, ya zauna, ya yi tambaya, sai ya ba da labarin saƙa da rini da fataucin da suka kai tufafin Kano ƙasashe masu nisa. Don haka har yau a ke amfani da shaidarsa.

Wannan magana ta fi shafar wanda ya iya rubutu. Maganar baki ko da zarar bunu ce, ta kan bi iska, mai ita kuma yana iya gyara ta gobe a zaure guda. Abin da aka rubuta kuwa ya kan yi tafiya ba da mai shi ba, ya shiga hannun wanda bai san shi ba, ya kuma daɗe bayan ransa. A zamanin nan ma da a ke aika saƙo ta wayar hannu, kafin baƙo ya yi barcinsa na farko hukuncinsa ya riga ya isa gida ya bazu. Saboda haka alƙalami amana ne. Matafiyi ya rubuta abin da ya gani tun da zafinsa, gama idon ranar farko ba ya komowa. Amma ya faɗi kwana nawa ya yi, da unguwar da ya zauna, da ko yana jin harshen mutanen, don mai karatu ya san mudun da zai auna maganar. In ya ga abin da ya ba shi haushi, ya tambayi ɗan gari dalili tukuna. In mutum ɗaya ya cuce shi, ya ce mutum ɗaya ne. In kuwa daga baya ya gane ya yi kuskure, ya rubuta wasiƙa ta biyu zuwa ga waɗanda ya aika wa ta fari, gama gyaran kuskure ba ya rage girman dattijo.

A wani ɗakin ibadar mabiya Buddha da ke Bankok, mai suna Wat Taraimit, akwai wani mutum-mutumi wanda tsayinsa ya kai mita 3. Shekaru da yawa kowa ya ɗauka na farar ƙasa ne, marar daraja, har ya yi wajen shekara 20 a ƙarƙashin rumfar kwano. Cikin 1955 ana ɗaga shi za a kai shi sabon wuri, sai igiya ta tsinke ya faɗi, yaɓen ya ɓantale, aka ga abu yana ƙyalli a ciki. Da aka ɓamɓare sai ga zinariya, nauyinta tan biyar da rabi. Ana zaton mutanen dā ne suka yaɓe shi don su ɓoye shi daga mahara, har waɗanda suka san asirin suka ƙare. Dubban mutanen da suka wuce ta gabansa suka ce farar ƙasa suka gani, ba su yi ƙarya ba, farar ƙasa ce kuwa a waje. Wanda ya yi kuskure shi ne wanda ya ce farar ƙasa ce har ciki, alhali bai taɓa ɗaga shi ya ji nauyinsa ba. An ajiye gutsattsarin tsohon yaɓen a wurin domin masu ziyara su gani. Matafiyin da ya komo gida aka kewaye shi a zaure, ya isa ya ce, "Ga abin da na gani cikin 'yan kwanakin da na yi. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa, masu garin sun fi ni sani."